Ranar da Kare Ya Fi Ni Iya Jagora

Shekarun baya, shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, abokina ya ce in raka shi wani kwazazzabo a cikin duwatsun bayan Birnin Kudu. Maharbi ne a da, kafin ciwon ido ya rufe masa gani. A ƙarshen kwazazzabon akwai marmaron da ya saba sha lokacin farauta, shekara huɗu rabonsa da shi. Karen farautarsa ne ya koma masa jagora.

Muka isa da hantsi, sai na ga allo a kafe bakin hanya. Lokacin ba na iya ganin rubutu in ƙyale. Na gyara murya na karanta da ƙarfi: "An ha-na shi-ga da ka-re." Ashe tsohon da ke gadin wurin gyangyaɗi yake yi a gindin tsamiya. Karatuna ne ya tashe shi.

Abokina ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Wata shida kana biya karatu, ashe ni ka tanadar wa."

Tsohon ya ce, "Ba ƙeta ba ce. Ruwan can shi makiyaya ke sha, da shi suke alwala. In kare ya sa baki, wa zai ƙara taɓawa?"

Abokina ya rantse karen ba ya shan ruwan mutane. Tsohon ya ƙi. Sai na ce, "Baba, a ɗaure karen a nan. Ni zan ja abokina, ai ina da ido biyu."

Muka shiga, tsohon na biye da mu. Inuwa mai sanyi, duwatsu sun rufo sama, hanyar ba ta fi mutum ɗaya ba. Na ce, "Taka nan."

"Ina ne nan, don Allah?"

Ina kallon ƙasa na manta da sama, goshinsa ya daki dutse. Na juyo in ba shi haƙuri, santsi ya kwashe ni, takalmina ya faɗa rami. Can baya karen sai kuka yake yi. Abokina ya zauna ya ce mu koma gida, ba shi da rabo.

Tsohon ya ce min, "Jeka kwanto karen, kafin ka kashe bawan Allah."

Karen nan bai yi gaggawa ba. In akwai tudu sai ya tsaya, in dutse ya sauko sai ya ja gefe. Da muka isa marmaron, ya kwanta nesa da ruwan, harshe waje, bai motsa ba sai da abokina ya ciro gwangwani daga jakarsa ya zuba masa. Shi kuma ya durƙusa ya sha da tafin hannu, ya wanke fuska, ya daɗe bai ɗago ba.

Tsohon ya ce, "Duk ranar da kuka dawo, ku shigo da shi. Wannan mai idon ne zan yi shawara a kansa."

Har yau in na ga an kori makaho saboda karensa, nakan tsaya in yi bayani, don na gwada aikin nan na kasa. Ranar dai abokina ya sha ruwansa. Asararmu kuwa: takalmi ƙafa ɗaya, 'yar fatar goshi, da cika bakina.