Ɗan Ammi Gafara

Waɗanda suka san Abdulghani a ƙarshen rayuwarsa, a ɗan shagonsa na sayar da wake da gurasa a unguwar Ammariyya ta Jidda, suna tuna shi da abu biyu: ba ya ɗaga murya, kuma da an zauna sai ya kawo zancen wani gari na ƙasar Holan da yake kira Zirikzi. Ba kowa ya san cewa tafiyar garin nan ta kusa raba shi da Jidda ba.

A Jidda aka haife shi, a bukkokin Takari da ke bayan ganuwa ta kudu. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekara shida a hanya, ya sauke farali, bai koma ba. Abdulghani ya koyi girki a gidajen attajirai, daga nan wani kamfanin jiragen ruwa na Holan ya ɗauke shi kuku a jirgin kaya. A tafiyarsa ta uku, cikin 1957, igiyar ruwa ta jijjiga jirgin, tukunyar tafasasshen mai ta kife masa a ƙafa. Kyaftin ɗin, wanda ya saba da hannunsa, ya ƙi barin sa a asibitin baƙi, ya kai shi garinsu, Zirikzi, jinya.

Wata biyar ya yi a can. Da ya fara takawa da sanda, kullum sai ya bi bakin tsohuwar tashar garin, ya ratsa ƙofofinta na tubali da suka yi ɗaruruwan shekaru, ya tsaya kallon gadar da ake ɗagawa don ƙananan jirage su wuce. Kyaftin ya nuna masa wata hasumiya mai kauri, wadda magabata suka fara da niyyar ta zarce duk hasumiyoyin ƙasar, sai arziki ya ja baya aka bar ta a guntule. Ya nuna masa inda ambaliya ta kai a jikin gidaje shekara huɗu da suka wuce. Abdulghani ya haddace duka, ya sayi hotuna takwas don ya nuna wa matarsa Mastura, wadda ya bari da ciki.

Kafin ya dawo, takardarsa ta ma'aikacin jirgi ta ƙare, magatakardan kamfani ya zauna rubuta sabuwa. Ya tambaye shi, ta bakin kyaftin, shi mutumin ina ne.

"Kano," in ji Abdulghani.

Haka kowane ɗan Hausawan Jidda yake amsawa. In aka ce maka ɗan ina, garin ubanka ake nufi, ko da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba. Bature ya rubuta, ya buga hatimi.

Ranar da jirgin ya iso Jidda, da hantsi, Abdulghani ya sauko da jakarsa yana ɗan ɗingishi. Jirgin zai sauke kaya ya wuce Jawa bayan la'asar. A ofishin tasha wani matashin jami'i, wanda maganarsa ta nuna ba ɗan gari ba ne, ya buɗe takardar ya daɗe yana dubawa.

"Ina izininka na shiga?"

"Izini kuma, ya sidi? Gida na dawo."

"Nan an rubuta an haife ka a Kano, ƙasar da ke hannun Ingila. Yanzu ba lokacin aikin hajji ba ne. Yalla, koma jirginka."

Abdulghani ba shi da wata shaida a hannu. Tsohuwar takardar tana can Holan a cikin wata durowa. Kyaftin ɗin da ya san shi bai biyo wannan tafiya ba. Ta tagar ofishin yana hango ƙofar tasha, inda mata suka taru a inuwa cikin baƙaƙen lulluɓi. Ɗaya daga cikinsu Mastura ce, da jaririyar da bai taɓa gani ba, amma ba ya iya bambance ta daga nan.

"Wallahi a bayan ƙofar Bab Sharif aka yanke mini cibi. Ka ji Larabcina mana."

"Na ji. Rabin mutanen Bor Sudan haka suke magana. Zauna can."

Ya zauna a benci. Aka yi azahar, suka yi salla a bayan ofis, suka dawo. Ya roƙi a aika wa mai unguwarsu, jami'in ya ce ba shi da ɗan aike. Ƙugiyar jirgin tana ta sauke buhuna, kuma duk buhun da ya taɓa ƙasa sai Abdulghani ya ji kamar daga lokacinsa aka yanka.

Da jami'in ya zo binciken jaka sai hotunan suka zube a tebur. Wani tsohon magatakarda mai suna Abdulwahid, wanda tun safe yake kwafe sunaye a kusurwa, ya miƙo hannu ya ɗauki ɗaya.

"Wannan fa, ya waladi?"

"Ƙofar tashar kudu ce, ya ammi, baffana. Ta nan jiragen gishiri da na kifi suke shiga a zamanin da. Wannan kuma hasumiyar da ba su ƙarasa ba." Tsoro ya kwance masa harshe, ya yi ta zuba: ganuwa, gada, ambaliya, yadda garin ya yi tashe ya kuma koma shiru.

Jami'in ya yi dariya. "Masha Allah! Garin Nasara a kanka kamar Fatiha. Kai da Jidda kuwa sai rantsuwa."

Abdulghani ya gane ya ƙara tona wa kansa rami.

Abdulwahid ya ajiye hoton a hankali. "Su sun bar ƙofofinsu a tsaye. Mu mun rushe ganuwarmu shekara goma ke nan. To, lissafo mini namu."

"Bab Makka. Bab Sharif. Bab Madina, da Bab Jadid a gefenta. Bab Magariba. Bab Bunt ta bakin ruwa."

"Ko alhajin da ya kwana uku a gari zai iya wannan," in ji jami'in. Ya dubi agogo. Daga waje jirgin ya yi kuka na farko, dogo, har gilashin taga ya yi rawa. Jami'in ya kira askari biyu daga bakin ƙofa.

Abdulwahid bai ko dube su ba. "Mahaifinka me yake yi?"

"Ruwa yake sayarwa, Allah ya jiƙansa. Daga kindasa yake ɗebowa, injin nan mai tace ruwan teku, garwa biyu a sanda."

"Wace unguwa?"

"Harat Sham da Mazlum."

"Sunansa?"

"Usuman."

"Usuman mai ruwa na san guda biyar," in ji tsohon. "Duk Takari ne, duk dogaye."

Askari ɗaya ya riga ya ɗauki jakar. Abdulghani ya miƙe. Ya lalubi abin da zai bambanta ubansa da sauran huɗun, ya rasa, sai wani suna da ya tsana tun yana yaro ya faɗo masa. A gidajen Jidda masu benaye, in namiji zai hau matakala sai ya ɗaga murya ya ce "ɗariƙ", wato a ba da hanya, don mata su kauce. Mahaifinsa har ya rasu bai saba ba. In ya sa ƙafa a matakalar Larabawa, abin da ake faɗa a zauren ƙasar Kano shi yake fita daga bakinsa. Yaran unguwa suka mai da abin tsokana, suna bin sa a lungu suna kwaikwayo, Abdulghani kuwa ya sha dambe a kan haka.

Ya sunkuyar da kai. "Ana ce masa Ammi Gafara."

Alƙalami ya tsaya a hannun Abdulwahid. "Yaya yake faɗa? Faɗa mini yadda yake faɗa."

Abdulghani, mutumin da ko a kicin ba a jin muryarsa, ya cika ƙirji a tsakiyar ofishin gwamnati, ya ja ta yadda mahaifinsa yake ja, ƙarshen yana hawa sama: "Gafaaara dai, masu gida!"

Askarawan suka dubi juna. Abdulwahid ya cire tabarau ya goge ido da gefen rawaninsa.

"Shekara ashirin yana hawa benenmu. Mahaifiyata ba ta yarda da ruwan kowa sai nasa. Ni ma ina cikin shaiɗanun da ke bin sa, Allah ya yafe mana." Ya juya ga jami'in. "Rubuta sunana. Ni ne mai tsaya masa. In bai kawo shaidar mai unguwa cikin kwana uku ba, ni za ka kama."

"Ya ammi, takarda ta ce Kano."

"Takarda Bature ya rubuta ta. Ni kuwa ruwan ubansa na sha na girma."

Jirgin ya yi kuka na biyu. Jami'in ya daɗe yana juya hatimi a hannu, yana duban tsohon, yana duban agogo. Daga baya ya jefa takardar a durowa ya kulle.

"Kwana uku. Halas, fita."

Abdulghani ya kawo shaidar a rana ta biyu, amma gyaran kalma ɗayan nan ya ci shekara huɗu ana kai da kawo, kuma a tsawon lokacin ba shi da ikon taka jirgi. Da aka gama, ya riga ya buɗe shago, bai sake neman teku ba.

A ranar dai, da ya fito ƙofar tasha, wata mata ta taso daga inuwa da jaririya a kafaɗa, ta tsaya taku biyu daga gare shi.

"Tun hantsi muke nan, Malam. Kowa ya fito sai kai."

"Riƙe ni aka yi."

"Na ji wani yana kwarara sallama a ciki kamar mai ruwa. Na ce da matar kusa da ni, wannan ko waye, ba shi da kunya."

Abdulghani ya ajiye jakar, ya miƙa hannu biyu ya karɓi yarinyar.