Sakamakon Malama Zuwaira da Ya Ƙi Buɗuwa

Malama Zuwaira ta shekara ashirin da shida tana buga takardu a wani ofishi a unguwar Kongo kafin ta yi ritaya. Yanzu a ɗakinta na Kwarbai take buga wa 'yan unguwa katin biki da takardar neman aiki da tsohuwar kwamfutarta. Mace ce mai zurfin ciki. Ko ƙullutun da ya fito mata a mama, Su'ad kaɗai ta gaya wa, ƙawarta da suka yi aiki tare.

Da aka ɗebi tsoka don gwaji, likita ya ce za a turo sakamakon ta imel. Ranar Talata da hantsi ya iso. Ta yi bismilla, ta sauke fayil ɗin, ta danna.

Abin da ya buɗe ba takarda ba ce. Alamomi ne birjik, lambobi da haruffa a cakuɗe, ba kai ba gindi. Ta rufe, ta sake saukewa, haka dai. Zuciyarta ta raya mata cewa da gangan aka ɓoye rubutun, kamar yadda ake ƙus-ƙus da dangi idan ciwo ya yi muni. Ta tuna yayarta Kulu, wadda har ta rasu ba a gaya mata abin da ke damunta ba.

Ta kira Su'ad a waya.

"Sun kulle shi, ba sa son in gani."

"Wa zai kulle? Wa ya taɓa kwamfutar kwanan nan?"

"Ƙanena Hamisu, makon jiya."

"To shi ne. Kwamfutar ta tambaye shi da me za ta buɗe irin wannan fayil, ya zaɓi manhajar rubutu, ya ce kullum. Je ki inda fayil ɗin ya sauka, ki danna shi da maɓallin dama, ki zaɓi mai karanta PDF, ki sa alama a kan kullum ɗin."

Sau biyu tana kuskuren dannawa. A na uku farar takarda ta bayyana, da hatimi a sama. Zuwaira ta runtse ido.

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe."

"Karanta mana!"

"Wallahi ba zan iya ba."

Su'ad ta hau a-daidaita daga Ƙofar Gayan. Ta tarar da ita zaune ta juya wa kwamfutar baya, carbi a hannu amma ba ta ja. Su'ad ta karanta a hankali: ba ciwon daji ba ne, sai dai za a cire ƙullutun, ta kuma dawo bayan wata shida.

Zuwaira ta ce a maimaita mata. Sannan ta ɗauko tabarau ta bi layin da yatsa da kanta.

Bayan mako uku aka yi aikin lafiya. Ta koma buga katunanta, amma har yau idan saƙo ya shigo daga asibiti, sai Su'ad ta iso take buɗewa.