Yatsun Sulaiman biyu

Duk wanda ya taɓa sayen magani a ƙaramin famasin da ke bakin layinmu a New Bell ya san hannun Sulaiman: yatsu biyu na dama sun karkace, da hagu yake rubutu. Shekara ashirin yana bayan kanta, kuma wallahi ban ga mai taurin kai irinsa ba. Ka je neman maganin mura, sai ya tambaye ka abincinka, barcinka, da wane magani kake sha. Ni kaina na sha zaginsa a raina.

Halinmu a unguwar nan, ba ma zuwa da takardar likita. Kwalin maganin maƙwabci muke ara, mu ce a ba mu irinsa. Haka Badamasi, wani ɗan dako a unguwar Bassa, ya shigo wata ranar Talata da kwalin maganin hawan jinin maƙwabciyarsu. Matarsa Hadija ce kanta ke sarawa, ƙafafunta sun kumbura.

Sulaiman ya karɓi kwalin ya ce, "Tana da ciki?"

"Wata bakwai. Ina ruwanka?"

"Wannan zai iya kashe abin da ke cikinta. Kai ta asibiti yanzu, tout de suite."

"To ba ni kwalina, in saya a teburin bakin titi!"

Badamasi bai iya karatu ba, bai san sunan maganin ba. Sulaiman ya gane haka, sai ya dunƙule kwalin a tafinsa na dama.

Naushin farko ya fasa masa leɓe. Badamasi ya tsallake kanta, ya haɗa kan Sulaiman da kabad, kwalabe suka tarwatse. Ya danne hannun a ƙasa yana taka shi da takalmin aiki. Ina bakin ƙofa na ji ƙarar ƙashi, har yau tana kunnena. Sulaiman yana ihu, jini har kan rigarsa, amma hannun bai buɗe ba. Sai da mu huɗu muka ɓamɓare Badamasi.

Da babu kwali, dole ya kai ta asibiti. Ranar aka kwantar da ita.

Yarinyar da Hadija ta haifa, Ikhlas, bana ta shiga aji ɗaya. Ubanta bai taɓa ba da haƙuri ba, abin da ke ƙona min rai ke nan. Amma kullum da safe ta ƙofar famasin yake bi da ita, ya tsaya daga waje kansa a ƙasa, ya ce, "Shiga ki gaida Baba." Ita kuwa hannun Sulaiman na dama take kamawa.