Launin Kakin Kawu

Na fi shekara ashirin ina sana'ar fenti a Birnin Gwari. Na rubuta allunan shaguna, na zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motoci, kuma ban taɓa haɗa launi sau uku ban same shi ba. Sai da Kawu, yayan mahaifiyata, ya dawo gidana da zama, sannan fenti ya fara sa ni ciwon kai.

Kawu tsohon soja ne. Da ya ajiye aiki ya koma noma a wani ƙauye wajen Gayam, har ranar da 'yan bindiga suka cinna wa ƙauyen wuta. Ya tsira daga shi sai rigar jikinsa. Rumbu ya ƙone, awaki sun tafi, amma shi maganarsa kullum akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Kakinsa na soja ne a ciki, a goge, a ninke, da hula da bel. Ko hoto ɗaya bai rage masa ba.

Da zaman banza a zaurena ya ishe shi, sai ya samo itacen rimi da 'yar wuƙa ya kama sassaƙa. Cikin wata biyu ya fitar da sojoji bakwai, kowanne tsawon tafin hannu: shi da abokan aikinsa shida, waɗanda duk sun rasu. Bai yi musu fuska ba, don limamin unguwa ya ce kada ya fitar da ido da hanci. Ba abin da zai nuna ko su wane ne sai kaki.

"Ɗana, ka shafa musu irin kakinmu," in ji shi. "Ina so in sake ganinsa kafin ta Allah ta kasance. Kore ne, amma ba kore ba."

Iyakar bayanin da na samu ke nan. Na ce masa ya ɗauka an gama.

Na zuba kore a murfin gwangwani, na ƙara ruwan ƙasa da ɗigon baƙi, na shafa a guntun katako na miƙa masa. Ya kai shi bakin hancinsa, ya yatsine fuska.

"Wannan ai na masu gadin dajin Kamuku ne. Gadin giwa aka ce maka mun yi?"

Na ƙara ruwan ɗorawa, ya ce na mai da su gandirebobi. Na rage, ya ce 'yan hidimar ƙasa. Ga fentin mai da jan rai: sai ya kwana yake bushewa, in ya bushe kuma ya ƙara duhu. Wanda Kawu ya ce ya kusa da hantsi, da la'asar sai ya rantse ba shi na nuna masa ba. Mako uku muna haka, allunan mutane suna jingine a shago ban taɓa su ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na daina amsa gaisuwarsa da kyau.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta masu hankali ce. Na hau babur na je shingen sojoji na bakin gari, na tsaya a gefe ina ƙare wa hannun rigar wani soja kallo. Mutumin da ya girma a garin nan bai kamata ya yi wannan wautar ba, a lokacin da kowa ke zargin kowa da kai wa mutanen daji rahoto. Sojan ya yafuto ni, ya ce uban me nake ƙirgawa. Da ƙyar hannuwana masu dabbaren fenti suka fitar da ni, bayan na sha rana a durƙushe.

Na dawo na ɗauki ɗaya daga sojojin da Kawu ya sassaƙa na yi masa kakin zamani, mai ɗigo-ɗigon kore da baƙi da ruwan ƙasa. Wallahi aikin ya yi kyau. Kawu ya karɓa, ya matso da shi kusa.

"Irin wannan suka sa," ya ce a hankali. "Waɗanda suka ƙona mini ɗaki."

Na sani, kowa ya sani, amma na manta. Na zauna na kankare fentin tas, kunya da haushi suna cina, shi kuma bai ci tuwo ba ranar.

Bayan kwana biyu, don tsabar takaici, na kwashi ragowar shuɗin da na yi wa wani kemis allo na antaya a cikin haɗin. Niyyata ya zage ni mu rabu da maganar. Sai na ji ya ce, "Yawwa! Ƙara." Na ƙara. Ya ce in ƙara. Sai da abin ya koma kamar ruwan bular wanki, sannan tsohon nan ya miƙe da ƙyar, ya ƙame, ya sara wa guntun katako.

Matata ce ta ja ni gefe. "Malam, ka dubi idon Kawu da kyau. Yanar ido ce ta rufe shi. Shekaranjiya farin mayafina ya ce in wanke, wai ya yi ɗorawa."

Nan na gane. Komai ta cikin ɗorawa yake ganinsa, kuma duk mai fenti ya san shuɗi da ɗorawa kore suke bayarwa. Ban faɗa masa ba. Na shafe duka bakwai ɗin da shuɗin nan, ya jera su a kan taga. Duk wanda ya shigo zaure sai ya danne dariya ya tambayi wa ya yi fentin, Kawu ya nuna ni da alfahari. Ni da ake kawo wa mota daga Funtuwa! Na haɗiye, tunda tsoho ya samu abin da yake nema.

Da damina ta wuce wasu likitoci suka zo aikin ido kyauta. Ba zan ɓoye ba, sai da na yi kwana biyu ina jan ƙafa kafin na kai shi. Aka yi aikin, aka cire auduga, muka dawo gida. Yana shiga zaure ya tsaya cak.

"Wane mara kunya ne ya yi wa mutanena shigar 'yan firamare?"

Na gaya masa gaskiya duka. Sannan na kwaso gwangwanayena na baje a gabansa, na ce yanzu ido ya buɗe, ni zan dama, shi kuma ya ce ƙara ko rage. Muka fara da hantsi. Kore, ruwan ƙasa, ɗorawa kaɗan, baƙi kaɗan. Da farko yana ba da umarni kamar a fagen fareti. Bayan azahar muryarsa ta yi ƙasa. Da aka kira la'asar na tura masa murfin gwangwani na ce, "Ƙara ko rage, Kawu?"

Ya ɗauki murfin yana jujjuya shi. Na sake tambaya, wannan karon da tsawa, don na gaji.

"Kada ka yi mini tsawa, ɗana," ya ce, idonsa a kan murfin. "Da ba na gani, wallahi launin yana nan a gabana. Yanzu na duba, na duba. Ban san shi ba."

Na zauna riƙe da burushi, fenti yana ɗiga a kan ƙafata, na rasa wanda zan ji haushinsa.