Ranar da Aka Ƙwace Muciya a Hannuna

Shekarun baya, lokacin da tsaro ya fi lalacewa a yankinmu, an yi wani ɗari da ba na mantawa da shi. Ina koyarwa a wata firamare a Batsari, ban yi aure ba tukuna. Da aka ba da hutu sai na ɗaure 'yar jakata a bayan mashin na koma gida Zakka wurin mahaifiyata. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ƙannena mata duk suna ɗakunansu, don haka gidan daga ni sai ita, sai awaki da kaji.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Gonarmu ta nesa, wadda ita ke ciyar da mu, dawa ta nuna a cikinta muna ji muna gani muka bar ta, don ba wanda zai je girbi ya tabbata zai dawo. Ta bayan gari kaɗai muka girbe, rumbu ko rabi bai yi ba. Itace ma ya yi wuya tunda masu shiga daji sun daina, kowa ya koma girki da kara da totuwar masara. Ga sanyi, ruwan randa in ka taɓa da asuba sai ka ji har cikin haƙoranka.

Wata safiya muna shan koko sai ga sallama. Ɗiyar kawuna ce, da goyo a baya, da yara biyu riƙe da zanenta, da ƙullin kaya guda ɗaya. Tana aure a wani ɗan ƙauye can bayan Darini. 'Yan bindiga sun tare mijinta a hanyar gona sun tafi da shi, mutanen ƙauyen kuma suka watse, kowa ya nufi inda yake da dangi.

Ita wannan abokiyar wasata ce, tunda ɗiyar kawu ce, kuma ta ɗan girme ni. Tun muna yara ba ta taɓa barina na sha iska ba. Ranar da na samu aikin koyarwa, a gaban mutane ta ce, “To shi malamin wa zai koya mai?” Bakinta ba ya hutawa, in ta shigo gida sai kowa ya sani. Amma ran nan ta durƙusa ta gaida mahaifiyata, ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta shige ɗaki ta jingina da bango.

Ba ta kuka, ba ta magana, ba ta kuma cin abinci. Ba irin abin da mahaifiyata ba ta gwada ba. Ta dama mata kunun kanwa, ta yi mata faten kabewa da ɗan man shanun da take ɓoyo, har fura ta sa na nemo. Sai ta kurɓa sau ɗaya ta tura wa yara.

“Ɗiyata, in ba ki ci don kanki ba, ki ci don wagga da ke bayanki,” in ji mahaifiyata.

“To, Gwaggo.”

Iyakarta ke nan. Kwano ya huce a gabanta.

Jaririyar ce ta fi tayar mana da hankali. Nono ya fara ɗaukewa, ta kama ta saki, ta kama ta saki. Kukanta ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa, daga tsakar gida ma ba ka ji. Mahaifiyata na ɗiga mata ruwan koko da cokali, amma ta yi ƙanƙanta da wannan, rabi a baki rabi a wuya.

Ana cikin haka ita ma mahaifiyata ta kwanta. Kullum da asuba take fita ɗora wa yaran ruwan zafi, sanyi ya shige ta a ƙirji. Zazzaɓi da tari, numfashi da ƙyar. Na ɗauko ma'aikacin lafiya ya yi mata allura, ya ce kada ta kuskura ta je kusa da hayaƙi ko ta fita cikin sanyi sai ta warware.

Maƙwabta sun yi ƙoƙari, Allah ya saka masu. Sai dai a lokacin ba gidan da ba shi da baƙi irin namu. Wata rana aka aiko da kwano daga gidan da ke jikin namu, na buɗe na ga malmala biyu ƙanana, na san daga bakin 'ya'yansu aka rage. Na maida kwanon da kaina na yi godiya, na ce su bari haka nan, akwai hatsi, zan girka.

Matar gidan ta ce daga bayan zana, “Kai, Malam?”

Na ce, “Ni mana. Tuwo ne fa kawai.”

Ku sani, duk iliminmu na girki a lokacin, ni da abokina da muke hayar ɗaki ɗaya a Batsari, bai wuce shayi da taliyar leda ba. In muka soya ƙwai bai kama ba, ranar sai mun ba da labari a makaranta.

Mahaifiyata ta yi min bayani daga kan gado, murya a dishe, tari na katse ta. Na ji rabi, na cike rabin da kaina. Na hura wuta, kara ya ci bal-bal ya mutu kafin na juyo da gari. Na sake hurawa, hayaƙi ya cika min ido, hawaye da majina. Ta ce a sa kanwa kaɗan, ni kuwa na ga abin da na ɗauka ya yi kaɗan na ƙara. Zancen talge kuwa, wato a fara dama ɗan gari da ruwan sanyi a zuba ya dahu kafin a tuƙa, sam bai shiga kunnena ba. Ruwa na tafasa na juye gari gaba ɗaya na kama muciya. Tukunya na rawa a kan murhu, ni ma ina rawa.

Yaran na zaune gefe suna jin ɗumi suna kallona. Babbar ta ce, “Kawu, Innarmu ba haka take yi ba.”

Na ce, “Wannan irin na birni ne.”

Abin da ya fito jajir ne, ga gudaji, in ka fasa guda sai ka tarar da ɗanyen gari a ciki. Miyar kukar ma ta dunƙule wuri-wuri. Yaran dai yunwa ta sa suka ci. Da suka gama, ƙaramar ta ɗago ta ce, “Kawu, gobe ma kai za ka yi?” Na ce ni ne. Sai kawai ta fashe da kuka.

Washegari da la'asar na sake ɗora tukunya, don a lokacin da wuri ake gama girki a kashe wuta kafin duhu. Wannan karon na ce ba za a samu ɗanyen gari ba, na cika wuta. Ban ankara ba ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya cika gidan. Ina ta fama da muciya sai na ji murya a bayana.

“Mi kake yi ma hatsin Gwaggo?”

Na waiwaya. Ɗiyar kawuna ce tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta lulluɓa da zane. Tunda ta zo ban ji ta haɗa kalmomi haka ba.

Na ce, “Tuwo nake tuƙawa.”

“Wanga? Wallahi ko akuya ka ba sai ta kai ƙararka wurin mai gari. Shekarar da ba hatsi, kai kuma ka samu wanda ya rage kana ƙonawa. Tashi, ba ni nan.”

Ta ƙwace muciyar. Ta zauna a kujerar tsugunno, na ga ba ƙarfi a jikinta. Na ce ta bari in tuƙa tana gaya min. Ta harare ni.

“Kai dai tura kara, shi ma in ka iya. Guda-guda, ba dami ba.”

Ta sa na sauke tukunyar, ta kwashe na saman da bai ƙone ba ta ajiye, ta ɗora sabon ruwa a wata. Ta yi talge, ta bar shi ya yi ta ɓararraka, sannan ta riƙa barbaɗa gari tana tuƙawa, tana hutawa, tana sake tuƙawa. Gumi ya tsatso mata cikin wannan sanyin. Da ta rufe shi ya turara, ta juya kan miya. Ta daka daddawa da barkono, ta kaɗa kuka da maburgi, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta ƙara gishiri ta sake lasa. Can na ga ta sa yatsa ta kwalfo tuwon da ya maƙale a muciya ta kai baki. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tura kara kamar ban gani ba.

Ita ta kai wa mahaifiyata kwano ɗaki. Ina jin su daga bakin murhu.

“Gwaggo, tashi ki ci da zafinai.”

“Ba ni ci ni kaɗai. Wanke hannu ki zo.”

“Na ƙoshi, Gwaggo.”

“To ni ma na ƙoshi. Ɗauke.”

Sai na ji ƙarar buta, sai ƙarar kwano. Can kuma sai kuka, irin wanda ke fitowa tun daga ciki. Ran nan ta fara yin kukan mijinta. Mahaifiyata ba ta ce ta yi shiru ba, sai “Yi abinki, ɗiyata, yi abinki,” tana tari tana faɗa. Na ɗauki kwanon yaran na ja su zaure muka ci a can.

Daga ranar madafa ta koma hannunta, ni kuma aka ba ni matsayin da ya dace da ni: ɗebo ruwa, kai niƙa, jawo kara daga bayan gida. Ban taɓa sanin ɗan abin da ke gidanmu zai iya zama abinci iri-iri haka ba. Da safe ɗumame, mu kewaye murhu kowa da kwanonsa, tururi na tashi, yara na miƙa ƙafa wajen wuta. Da rana ta jiƙa ƙanzo ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono. Kabewar da ke jibge a kan rumfa ta shiga faten tsaki da busasshiyar yakuwa. Wata rana dambu da zogale, wata rana ɗanwake. Dankali kuwa a toka take turbuɗe wa yara, su ciro suna jefawa daga hannu zuwa hannu. Ko tuwon da na ƙona ba ta zubar ba, shanya shi ta yi, kaji suka samu rabonsu.

Kunun kanwar da ta ƙi sha a hannun mahaifiyata, yanzu ita ke dama abinta ta shanye. A hankali nono ya dawo. Ranar da jaririyar ta tsala wani kuka da ya firgita awaki, mahaifiyata daga ɗaki ta ce, “Alhamdu lillahi, a bar ta ta yi!”

Ita ma mahaifiyata ta samu sauƙi, ta fara fitowa hantsi tana zama a tabarma tana tsince wake. Na lura ba ta koma bakin murhu ba ko da ta warke sarai. Na ce, “Inna, ba za ki karɓi girkin ba, ta huta?”

Ta ce, “Bar mata. In ta zauna, tunani za ta koma.”

Ba wai komai ya wuce ba ne. Wani lokaci tana tsakiyar tuƙi, in mashin ya tsaya a ƙofar gida sai ta saki muciya ta kasa kunne, in ta ji ba shi ba ne ta ci gaba. Hatsinmu ma bai kai mu damina ba, sai da muka haɗa da garin rogo. Amma ba ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Mijinta ya dawo bayan sanyi ya wuce, zafi ya fara. Yadda aka yi ya fito dogon labari ne, shanun nomansa da gonarsa duk sun tafi a ciki. Ya rame har yaransa suka ɓuya a bayan uwarsu. Kunu kawai cikinsa ke karɓa da farko, ita ta yi ta lallaɓa shi har ya koma cin tuwo. Yanzu suna zaune a Batsari, yana 'yar sana'arsa a kasuwa, jaririyar nan kuwa har ta shiga makaranta.

Da can ina ɗauka in mutum na cikin baƙin ciki, abin da za ka yi masa shi ne ka zaunar da shi ka yi masa komai. Mun yi mata haka da zuciya ɗaya, bai tashe ta ba. Sai da ta ga in ba ta miƙe ba 'ya'yanta da gwaggonta za su wahala, sannan ta miƙe. Ba dabarata ba ce, ni da gaske nake girkina. Allah ne ya tsara abinsa, ya bi ta inda ba wanda ya zata. In na tuna shekarar nan tsoron na dawo min, amma godiya ta fi yawa: ga maƙwabtan da suka raba ɗan nasu da mu, ga mahaifiyata da ta san lokacin da za ta matsa da lokacin da za ta ƙyale, ga ita kanta da ta ciyar da mu alhali zuciyarta na daji.

Da sallar da ta wuce mun haɗu a gida, na ce bari dai yau in yi mata godiya ta gaskiya, ba wasa. Ta saurare ni har na gama.

“Ni ke da godiya, Malam. Da ka iya girki, ban san inda nike ba yanzu.” Ta goge ido da bakin gyale, sannan ta ƙara, “Allah shi sa kar ka taɓa iyawa.”

Mahaifiyata ce ta fara cewa amin.