Guzurin Ɗan Wata Takwas

Mun tashi da asuba mu huɗu: ni, da ɗiyata mai cikin wata takwas, da mijinta, da gwaggon mijin, wadda ba a gayyata ba amma ta riga kowa shiga mota. Faya ta fashe mata, ruwan haihuwa ya zube, naƙuda kuwa shiru, na ce Katsina za mu. Haihuwar fari a gida aka yi ta, yaron ya yi ta nishi, ya koma tun ba a raɗa mashi suna ba. Gwaggon nan ce ta tatsi nonon ɗiyata a ludayi, ta jefa tururuwa, tururuwar ta mutu. Tun ranar ƙauye ke kiranta mai mugun nono. An kuma gama magana cewa na cikin nan in ya faɗo, madarar akuya za a ba shi.

Hanyarmu zuwa titin Kano damina ta cinye ta. Duk ramin da muka faɗa sai ɗiyata ta matse mani hannu. Gero ya fid da kai hagu da dama, Fulani na ƙetara titi da shanu ba su san ana sauri ba. Kuɗin mota ya ninka, direba ya ce mai ne ya yi tsada, na ce shi da Allah. A shingen bayan Rimi soja ya leƙo, ya ga ciki, ya ce mu wuce.

Hantsi ya ɗaga muka shiga ta Ƙofar Kaura. 'Yan keke napep kamar an tashi gidan zuma. Surukina ya sayo ƙosai, na duba na ga ƙosan birni ma ramewa ya yi.

A asibiti wata sista ta karɓe mu, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna. Na tsare ta da ido, don ban saba ba baƙo ɗiyata ba. Ta tambayi yadda na fari ya rasu. Na faɗa mata nishin, da sanyin jiki, da ƙin kama nono. Gwaggo ta cafe da labarin tururuwa.

Sista ta ce, "Mama, ko a nonon saniya kika jefa ta, nutsewa za ta yi."

Sannan ta zaunar da mu. Ta ce ba za ta rantse a kan wanda ya riga ya tafi ba, amma alamun sun yi kama da na wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin mata da yawa ba ta yi masu komai, sai jariri ya kwashe ta a hanyar fitowa. Ta ce jinin uwa na da garkuwa, a watannin ƙarshe take zuba wa ɗa ita ta mabiyiya da cibiya. Wani ya samu da yawa, wani kaɗan. Wanda ya taho da wuri kuwa, ba a gama ba shi ba.

Na ce, "Wato guzuri ne, shi kuma wannan ya taso ba a gama ɗaure mashi ba."

Ta ce, "Shi ke nan, Mama."

Aka sa wa ɗiyata ƙarin ruwa da magani a ciki, don a kashe cutar kafin yaro ya biyo hanya. Sista ta ce masana na neman allurar da za a yi wa mai ciki ta ƙara guzurin nan, ba ta iso ba tukuna. Da la'asar sakaliya ta haihu, namiji, ɗan mitsitsi. Aka ɗora mata shi a ƙirji. Gwaggo ta yunƙura za ta hana shi kama nono, na taka mata gefen zane. Ya sha dakashi, nonon farkon nan da muke zubarwa, sista ta ce shi ma guzuri ne.

Aka riƙe su ana duba numfashinshi. Ni ina kwana gidan ƙanwata a Kambarawa, a bayan ɗakinta na wanke mabiyiyar na binne. Na binne da yawa a rayuwata, ban taɓa yi wa wata godiya ba sai ita.

Ranar da aka sallame mu, mun iso gida da magariba, yaro na barci, nono na ɗiga a rigar uwarshi. Abin da tafiyar nan ta koya mani shi ne, rai na Allah ne, amma ba mu da hujjar ɗora wa uwa laifin abin da ido bai gani ba.

Washegari da safe na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, na aje buta da sabulu, duk mai zuwa barka ta wanke hannu. Sai ga gwaggo da ludayi, da tururuwa a ganye, wai a sake gwadawa gaban mutane. Na karɓa da hannu biyu. Na sunkuya na saki tururuwar a ƙasa, na ce mata, "Je ki nemi abincinki, baiwar Allah." Ludayin kuma na dama wa mai jego kunun kanwa da shi.