Ƙwayar Mai Agogo

Shagona na yankan makulli yana manne da na Mai Agogo, katako ɗaya ne tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Tsoho ne siriri marar yawan magana, yakan wuni da ɗan gilashi a ido yana tonon cikin agogo. Tun da matarsa ta rasu ba shi da kowa sai 'yarsa da jikarsa, 'yar firamare da yake kira amaryarsa. In an tashi daga makaranta uwar takan ajiye ta a shagon ta koma aiki. Yarinyar ta yi ta zuba, shi kuwa yana tsokanarta wai ya sake ta, tunda ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai a wannan lokacin.

Ciwonsa a baya yake. Ya taɓa faɗowa daga tsani, aka yi masa aiki, ƙashin bai koma daidai ba. Likita ta ɗora shi a kan wata ƙwaya mai ƙarfi, safe da yamma. Ni shaida ne, don ni nake miƙa masa ruwa: bai taɓa ƙara ko rabi ba, bai taɓa sha kafin lokaci ba. Da ita yake iya zama a kujera ya nemi abincinsa.

Sai wata rana mijin 'yar ya zo ɗaukar yarinya, ya ga kwalin a kan tebur. Irin mutanen nan ne da babu abin da ba su sani ba. Ya karanta sunan, ya ce ai wannan ce 'yan shaye-shaye suke afawa a bayan tasha. Washegari ba a kawo yarinyar ba. 'Yar ta bugo waya tana kame-kame, wai maigidan ya ce sai Baba ya daina.

Abin ya yi wa tsohon ciwo. Ya ce min shi da ko taba bai taɓa sa wa bakinsa ba, yau shi ne ɗan ƙwaya? Ya rantse sai ya nuna musu, ya watsar da maganin a ranar, bai tambayi kowa ba. Na ce a bi a hankali, amma tsoho in ya kafe sai dai ka zuba ido.

Ba a je ko'ina ba jiki ya rikice. Ga gumi, ga hamma, hanci na zuba, ciki na murɗawa, hannu na rawa har 'yan ƙusoshin agogo suna zubewa ƙasa. Kuma a ranar surukin ya ga damar leƙowa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya juyo gare ni ya ce to, na gani da idona? Wallahi ba don girman tsohon ba, da na gaya masa maganar da zai kwana da ita.

Na rufe shago na kai shi asibiti. Likitar ta yi masa faɗa kamar ɗanta. Ta ce duk wanda ya daɗe a kan irin wannan magani jikinsa zai saba, in aka yanke farat ɗaya dole ya yi bore, ko waliyyi ne. Jaraba kuwa daban take: mutum ya riƙa ƙara wa kansa, yana ƙarya, yana nema ta bayan fage, yana ganin tana rusa shi amma ya kasa bari. Ta tambaye shi ko ransa na kwaɗayinta. Ya ce shi abin da ransa ke kwaɗayi kawai ya zauna ba ciwo. Ta mayar da shi kan magani, ta ce in ma za a rage, ita za ta rage, kaɗan-kaɗan.

Har gida na kai wa surukin wannan bayani. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ƙwaya dai ƙwaya ce.

Watanni suka shuɗe. Shagon ya yi tsit, sai motsin agoguna. In 'yan makaranta suka fara wucewa, sai tsohon ya cire gilashin ya zuba wa titi ido har su ƙare. Tausayinsa ya hana ni sakat, nakan ja shi da hira, ya amsa da ka.

Wata yamma 'yar ta kawo jikar tasa a ɓoye, a tsaitsaye. Yarinyar ta yi tsawo. Ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun uwarta.

"Kaka, ka daina shan ƙwaya?"

Uwar ta galla mata harara. Ni a raina ina cewa ka ce e mana, a wuce wurin.

"Ban daina ba," in ji shi. "Magani ne, likita ta ba ni."

"Babana ya ce in ba ka daina ba kada in shiga."

"To, bi maganar babanki. Tsaya daga nan in gan ki."